Daga Gwaiduwa Zuwa Ɗan Tsako: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

In mai shayi ya fasa maka ƙwai a Jekadafari, leƙa kofin kafin ya kaɗa. Akwai wani ɗan farin ɗigo a saman gwaiduwa. Daga nan ɗan tsako yake farawa. Gwaiduwar, da yawancinmu ke zaton ita ce tsakon, guzurinsa ce kawai. Ci abinka hankali kwance, kajin gidan gona ba sa haɗuwa da zakara.

Ƙwan kazar gida kuwa, wadda ke yawo da zakara, tun kafin ta saka shi ɗigon ya rarrabu zuwa dubban ƙwayoyin halitta. Sai ya dakata, kamar mai jiran mota a Tashar Dukku, har uwar ta fara kwanci. Shi ya sa ƙwan da aka saka a ranaku daban-daban suke ƙyanƙyashewa kusan tare. Cikin kwana na 2 da fara kwanci zuciya ta fara bugawa, alhali babu ƙafa, babu fiffike. A kwana na 21 ya fasa ɓawo da wani ɗan tsini a bakinsa, wanda ke faɗuwa daga baya.

Ƙwan zabi yana kai kwana 26 zuwa 28. Matan da ke sa wa kaza shi da damina sun daɗe da sanin wannan lissafi.

Tarwaɗa ba ta da wannan haƙuri: a ruwa mai ɗumi, kamar na masu kiwon kifi a Dadin Kowa, ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi.

Na saniya ya fi ba ni mamaki. Mako guda bayan barbara, ɗan tayin bai kai ƙwayar gero ba. Sai ya miƙe kamar zare, ya yi ta shawagi a mahaifa, ba zai manne ba sai wajen mako na 3. Ƙaton bijimin da ake ciniki a Tike ta nan ya biyo.

Kada fa? Zafin ramin ƙwai ne ke sa a samu namiji ko mace.

A Jamus kuma, wani masanin kimiyya mai suna Hans Spemann ya ɗaure ƙwan wata halittar ruwa, dangin kwaɗo, da silin gashin jariri, ya raba shi biyu. Tagwaye suka fito, kowanne cikakke. Ya ci kyautar Nobel a 1935.