Yoyon ruwa daga mahaƙar da aka cike: yadda ake kimanta shi, da abin da ya shafi rijiyoyin kwarin Komadugu

Idan kamfani ya gama haƙar gawayin ƙasa, wato kwal, akan mai da ƙasa da ɓaraguzan duwatsu cikin ramin, a daidaita samansa, a shuka ciyawa ko itatuwa. Mai wucewa zai ga wuri ya koma kamar dā, amma a ƙarƙashi ba haka abin yake ba. Dutsen da aka farfasa ya fi wanda ba a taɓa ba shan ruwa, kuma galibi yana ɗauke da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta mai suna firit. Da zarar iska da ruwa sun same shi, sai ya haifar da ruwa mai tsami, wanda ke narkar da ƙarfe da manganis da sauransu, ya tafi da su. A Inugu ta Najeriya, tsofaffin mahaƙun Onyeama da Okpara sun ci gaba da fitar da irin wannan ruwa zuwa rafukan yankin bayan an daina aiki a cikinsu.

A Nijar, gawayin ƙasa a Anu-Araren ake haƙarsa, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yake samar da wutar lantarki da shi. Babu irin wannan mahaƙa a kwarin Komadugu Yobe. To amma lissafin guda ne ga kowane rami da aka binne wani abu a ciki: ramin sharar haƙar man fetur, kamar yadda ake haƙa a Agadem da ya fara ba da mai a 2011, ko tsohon ramin ɗibar tsakuwa da ya zama juji. Shi ya sa shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin ruwa na Gagamari da Shetimari da Difa suke da bukatar sanin sa.

Nawa ne ruwan da ke shiga ramin?

Ana farawa da ruwan sama. A Difa yana kai wajen milimita 300 a shekara, kuma mafi yawansa rana da tsirrai ne ke shanyewa. Mu ɗauki misali domin koyo kawai: rami mai faɗin hekta 10, wato murabba'in mita 100,000, a ce kashi ɗaya cikin goma na ruwan ne ya nutse. Wannan ya ba da lita miliyan 3 a shekara, kimanin duro 40 ke nan kowace rana. Idan an bar saman wurin da kwari har ruwa yana kwanciya, adadin zai ninka. Idan an rufe shi da yumɓu aka yi masa tudu, zai ragu ƙwarai. A nan ake gane aikin gyara na gaskiya da na ganin ido.

Ina ya nufa, kuma da wane sauri?

Wani injiniya Bafaranshe, Henri Darcy, ya nuna a 1856 cewa yawan ruwan da ke ratsa ƙasa ya dogara ga abubuwa uku: yadda ƙasar ke barin ruwa ya wuce, gangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa, da faɗin hanyar da yake bi. Ana gano gangaren ta auna tsayin ruwa a rijiyoyi aƙalla uku da ba su kan layi ɗaya, bayan an san tsayin bakin kowace. Ana gano halin ƙasar ta jan ruwa da famfo daga rijiya ɗaya ana duba yadda na maƙwabtanta ke sauka.

A ce rairayin wurin yana barin ruwa ya wuce da mita 10 a rana, gangaren mita 1 ne a cikin kilomita 1, kuma gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi rubu'i ne na jimillarsa. Ruwan zai yi tafiyar santimita 4 a rana, wato wajen mita 15 a shekara. Rijiyar da ke nesan mita 300 ba za ta ga komai ba sai bayan shekara 20. A lokacin, mai yiwuwa kamfanin ya daɗe da tattara kayansa. Saboda haka rahoton da ya ce an auna rijiyoyi shekara biyu bayan rufewa ba a ga gurɓata ba, bai tabbatar da komai ba tukuna. Sannan lissafin nan ƙiyasi ne: jijiyar tsakuwa guda a cikin yumɓu tana iya kai ruwa cikin ƴan shekaru inda aka zaci sai bayan ɗaruruwa.

Abin da ya bambanta Komadugu

A ƙasashe masu yawan ruwa, ruwan ƙasa ne ke kwarara cikin kogi, don haka masana sukan tambayi yadda kogin zai sirka dattin. Ana ninka yawan kowane ruwa da yawan dattinsa, a haɗa, a raba da jimillar ruwan biyu. Wannan lissafi yana da amfani a nan ma, amma da sharaɗi: a yi shi da ruwan ƙarshen rani, ba na lokacin cikar kogi ba. Komadugu yakan tsaya da gudu watanni da dama, ya bar tabkuna a tsakiyarsa, inda dabbobi ke sha kuma manoman tattasai ke kafa injinan ban ruwa. Madatsun Tiga da Challawa da ke can jihar Kano sun ƙara sauya yawan ruwan da ke isowa.

Abu mafi muhimmanci shi ne, a wannan kwari kogin ne ke shayar da ƙasa. Ruwa yana nutsewa daga gadonsa ya nufi arewa, wajen filin Kadzel, inda ruwan ƙasa ya fi zurfi. Ke nan wanda ke “ƙasa” da rami ba lalle ne mai zama a bakin kogi ta gabas ba. Yana iya zama ƙauyen da ke bayan ramin, nesa da gaɓa, wanda bai taɓa tunanin abin ya shafe shi ba. Kuma duk dattin da ya shiga kogin daga sama yana iya ƙarewa a rijiya. A Gagamari, inda dubban mutane suka sami mafaka bayan harin Damasak na Nuwamban 2014, rijiya ɗaya tana ɗauke da rayuwar gidaje masu yawa.

Ƙasar yankin tana da kanwa, kuma kanwa tana kashe tsami. Wannan taimako ne, sai dai yana iya ruɗar mai awo: takardar gwajin tsami za ta nuna ruwa lafiya, tsakanin 6.5 da 8.5, alhali gishirin farar wuta ya ƙaru. Don haka a haɗa da na'urar auna gishirin ruwa, a kuma aika samfur ɗakin gwaji sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen rani. Jan tsatsa a bangon rijiya ko ɗanɗanon ƙarfe alama ce da za a kai wa ma'aikatar ruwa nan take.

Dokar muhalli ta Nijar ta 1998 ta wajabta binciken tasiri kafin manyan ayyuka. Lokacin wannan bincike ne ya kamata jama'a su nemi a auna rijiyoyinsu kafin a sa diga a ƙasa, a ba su kwafin sakamakon, a kuma rubuta wanda zai biya kuɗin awo bayan rufewa da tsawon shekarun da za a yi ana yi. In babu awon farko, da wuya a iya nuna cewa ramin ne ya ɓata ruwan.