Kasadar Shata: Daga tallan goro zuwa digirin dakta

Duk saurayin da ya taɓa sayar da buhun masara a Funtuwa ko Malumfashi ya hau mota zuwa Kano don shiga harkar fim, ya san irin kallon da ake yi masa a gida. Wasu su ce ya lalace, wasu su ce an yi masa kurciya. To, ba kansa farau ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata ma haka ya sha.

An haifi Shata a Musawa a 1923, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ganin waƙa bara ce, abin kunya ga ɗan gidan mutunci. Sai yaro ya kama tallan goro, daga baya alewa. Amma fa da ya isa dandali, waƙa ce ke fita. 

Nan kasadar take. Talla sana'a ce da ba mai zagin ka a kanta. Waƙa kuwa kana iya rasa yardar uba, ka rasa matar aure, kuma ba tabbas gobe za a saurare ka. Shata ya ajiye faifan talla, ya bar gida ya koma Bakori, ƙasar auduga, inda manoma ke da kuɗin kashewa bayan kaka. Daga nan sai Funtuwa.

Abin da 'yan bana-bakwai masu rububin shiga industiri ba su cika lura da shi ba shi ne, Shata bai yi tsalle a duhu ba. Sai da ya goge a dandali kafin ya saki goro. Yanzu kuwa yaro ne zai jinginar da gonar gado ya zama furodusa, alhali ko lokeshan bai taɓa zuwa ba.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mai Bakandamiya digirin girmamawa na dakta. Funtuwa ta zame masa gida, har siyasa ya taɓa a can a ƙarƙashin SDP. Ya rasu a Kano cikin Yunin 1999, aka rufe shi a Daura.