Ciwon Hanta Nau'in C Yana Da Magani

'Yan uwana fatake, a shekaru talatin da na yi ina safara tsakanin Kano da Kumasi, na sha ganin ciwon hanta yana cin mutum shiru, sai ciki ya kumbura sannan a ruga asibiti. Nau'in C ta jini yake shiga: askar wanzami, reza ɗaya ga mutum biyu, allurar da aka maimaita. Ba shi da allurar rigakafi, amma yanzu ana warkewa.

Ƙwayoyi ne irin su sofosbuvir da daclatasvir, ana sha sau ɗaya kullum har mako 12. Fiye da mutum 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Da irinsu Masar ta yaƙe ta tun 2014.

Mu dai matsalarmu tafiya ce. Kada ka sayi magani a kemis ba gwaji. Likita ya duba nau'in B tukuna, don yana iya tasowa lokacin shan maganin. Kafin ka hau mota, ƙirga ƙwayoyinka yadda kake ƙirga kuɗin sari, kada su yanke a hanya. Mako 12 bayan ka gama, a sake gwada jini.

Allah ya ba mu lafiya.