Enrico Caruso (1873-1921): Rayuwarsa da Matsayin Harshe a Waƙoƙinsa

1.0 Gabatarwa

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600, inda 'yan wasa kan rera maganganunsu bisa kiɗa. An karkasa muryoyin mawaƙansa gwargwadon tashinsu, kuma muryar namiji mai tashi sama ita ake kira teno. Manufar wannan maƙala ita ce waiwayar rayuwar Enrico Caruso, ɗaya daga cikin fitattun masu irin wannan murya, domin nuna yadda ya yi sana'arsa tsakanin karin harshen garinsu da daidaitaccen Italiyanci.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Caruso a birnin Napoli, kudancin Italiya, ranar 25 ga Fabrairu, 1873, shekara 12 bayan haɗewar ƙasar a 1861. A wancan zamani yawancin Italiyawa karin yankunansu suke magana da shi, domin daidaitaccen harshen, wanda aka gina bisa karin Fulorans, na boko ne da adabi. Caruso ɗan talakawa ne. Mahaifinsa bakanike ne, shi ma ya koyi sana'ar tun yana yaro, yana kuma waƙa a coci. Ke nan karin Napoli ya sha a nono, amma opera da Italiyancin adabi ake rubuta ta, don haka dole ya laƙanci lafazinta. Ya yi karatun murya a wajen Guglielmo Vergine, sannan ya fara fitowa a dandalin Teatro Nuovo na Napoli a 1895.

3.0 Shahararsa

A watan Disamba na 1900 ya hau dandalin La Scala na Milan cikin wasan La bohème, ƙarƙashin jagorancin Arturo Toscanini. Bayan shekara guda ya yi waƙa a San Carlo, babban dandalin garinsu, amma wasu masu sharhi suka kushe shi. Daga nan bai ƙara yin opera a Napoli ba har ya bar duniya. A 1902 ya fito a Landan, sannan ranar 23 ga Nuwamba, 1903 ya fara aiki da dandalin Metropolitan na Niyok cikin wasan Rigoletto. Ya yi wa wannan dandali fitowa sama da 800 cikin shekara 17.

4.0 Garmaho da Al'amarin Harshe

A watan Afrilu na 1902 kamfanin Gramophone ya ɗauki waƙoƙinsa 10 a wani otal a Milan. A lokacin, mawaƙi kan rera waƙa ne cikin wani ƙaho, motsin iskar muryarsa ya girgiza allurar da ke zana faifan kaki. Na'urar ba ta iya kama sauti mai kaifi ainun ko mai zurfi ainun, sai muryar Caruso, mai kauri da ƙarfi, ta dace da ita. Tsarin harshen ma ya taimaka. Kamar a Hausa, yawancin kalmomin Italiyanci da wasali suke ƙarewa, kuma bisa wasali ne mawaƙi yake jan murya.

Daga 1904 kamfanin Victor na Amurka ne ya riƙa buga fayafayansa, kuma tsakanin 1902 da 1920 ya yi ɗauka fiye da 200. Mafi yawansu da Italiyanci ne, wasu da Faransanci, kaɗan da Ingilishi. Abin lura a nan shi ne bai yar da karinsa na gado ba. Ya rera waƙoƙin Napoli da dama, ciki har da 'O sole mio a 1916, aka sayar da su ƙarƙashin tambarin da ake sayar da waƙoƙin Verdi da Puccini. Wannan ya zo daidai da lokacin da miliyoyin Italiyawa, galibinsu 'yan kudu, suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ta haka baƙon da ake raina wa lafazi ya ji karin garinsu yana tashi a gidajen masu hannu da shuni.

5.0 Rasuwarsa

A watan Disamba na 1920 jini ya ɓalle masa a maƙogwaro yana tsakiyar wasa a Brooklyn. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce ta ranar 24 ga watan, cikin wasan La Juive, wanda da Faransanci ake rera shi. Bayan jinya da tiyata, ya koma Napoli, inda ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1921, yana da shekara 48.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa daidaitaccen harshe ne ya buɗe wa Caruso ƙofar manyan dandali, shi kuma ya yi amfani da wannan dama ya shigar da karin Napoli faifai. Wannan ya nuna cewa darajar da jama'a ke ba karin harshe ta dogara ƙwarai ga wanda ya furta shi da kafar da ta yaɗa shi.