Taskar Waƙoƙi da Wahalar Raɗa wa Kiɗa Suna

Tun daga lokacin da waƙa ta bar faifan garmaho da kaset ta koma cikin wayar hannu da ɗan katin ajiyar nan da ake kira memori, matsalar mai sha'awar kiɗa ta sauya kama, domin a da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda zai samu waƙar da yake so, yanzu kuwa yadda zai gano inda ta shige a cikin dubban da ya riga ya mallaka. Kaset mai minti 90 ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan waƙoƙi, kuma mai shi yakan rubuta sunan mawaƙi da biro a jikin kwalinsa, ya jera shi a cikin kwaba, ya san wurinsa ko da a cikin duhu ne. Memori mai gigabayit 32 kuwa, idan aka yi lissafi da matsakaicin ingancin sauti na MP3, wanda minti ɗaya a cikinsa ke cin kimanin megabayit ɗaya, yana iya haɗiye sautin da ya haura awa 500, kuma babu kwali ko rubutun hannu da zai tuna wa mutum abin da ke ciki.

Hanyar da waƙoƙin ke bi su iso hannun mai su ita ce tushen ruɗanin. Mafi yawansu daga shagon masu tura waƙa suke fitowa, inda mutum zai miƙa wayarsa ya ce a zuba masa na gargajiya da na fim da ɗan bege, a tura masa jaka guda ba tare da an tantance ba, sauran kuma ta WhatsApp ko Xender suke shigowa daga abokai da 'yan uwa. Wanda ya buɗe irin wannan memorin zai tarar da waƙar Narambaɗa ɗauke da suna irin wanda WhatsApp ke bai wa sauti, wato haruffan AUD da kwanan wata da wata lamba, kusa da ita ga waƙar Barmani Coge an rubuta mata "Track 07", can ƙasa kuma ga wata ta Ɗan Anace da hoton wani matashin mawaƙin zamani manne a jikinta, saboda wanda ya fara ɗora ta a intanet ya sa tambarin kasuwancinsa a kowane fayil da ya bi ta hannunsa. A wurin da aka tanada don sunan mawaƙi kuwa, sau da yawa lambar wayar mai shago ce ke zaune.

Wannan wuri da ake rubuta bayani a jikin waƙa yana da tarihinsa, kuma sanin tarihin yana bayyana dalilin da ya sa na'ura ba ta fahimtar kiɗan Hausa. A shekarar 1996 ne aka ƙirƙiro tsarin da ake kira ID3, wato ɗan guntun rubutu mai bayit 128 da ake liƙawa a ƙarshen fayil ɗin MP3, wanda ya bai wa sunan waƙa da sunan mawaƙi da sunan kundi gurbin haruffa 30 kowanne, ya kuma bai wa nau'in kiɗa bayit ɗaya tak, lamba ce kurum da ke nuni zuwa ga wani jeri na nau'o'i 80 da aka riga aka tsara. Jerin ya ƙunshi jaz da rege da rok iri-iri har da polka, yana da wani rukuni na "kiɗan ƙabila" da wani na "sauransu", amma babu ko ɗaya a cikin tamanin ɗin da ke ɗauke da sunan wani kiɗa na Afirka. Tsari na biyu da ya fito a 1998 ya buɗe ƙofa, ya bar mutum ya rubuta abin da ya ga dama da tsawon da ya so, sai dai tunanin farko ya riga ya kafu a cikin manhajojin sauraro, wato cewa kowace waƙa tana da nau'i ɗaya, kuma kalma ɗaya ta isa ta faɗe shi.

Bahaushe bai taɓa karkasa kiɗansa ta wannan hanya ba. Tambayar da yake yi idan an ambaci makaɗi ita ce wa yake yi wa kiɗa, da me yake yi, kuma a wane taro, shi ya sa masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da David Ames da Anthony King waɗanda suka wallafa ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, suka ɗora bayaninsu a kan matsayin makaɗi a cikin al'umma fiye da yanayin sautin da yake fitarwa. Akwai makaɗan fada, waɗanda ke ƙarƙashin wani basarake suna yabonsa suna zambo ga abokan hamayyarsa, kamar Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Akwai makaɗan maza, wato masu zuga 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta, irin su Ɗan Anace da Kassu Zurmi. Akwai makaɗan sana'a na manoma da maƙera da mahauta, da makaɗan mata masu amada da kiɗan ƙwarya, da masu ban dariya irin 'yan kama, sannan ga makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida ɗaya, duk wanda ya yi musu alheri ko ya burge su sai su waƙe shi. A gefe guda kuma ana kiran kiɗa da sunan abin kiɗan, a ce kiɗan kotso ko na taushi ko na kalangu ko na goge ko na gurmi ko na kuntigi, kuma wannan rabon yana ratsa na farko ba tare da sun dace daidai ba, tunda kalangun da aka san mahauta da shi tun asali shi ne kuma ke tashi a filin dambe da gidan biki.

Ke nan waƙa guda tana da aƙalla amsoshi uku na gaskiya ga tambayar nau'inta, alhali gurbin da na'ura ta tanada yana neman ɗaya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne ya fi kowa tona asirin wannan ƙunci. Littattafai sukan sa shi cikin makaɗan jama'a, kuma hakan daidai ne, amma a cikin waƙoƙinsa akwai na sarakuna da ba su gaza na kowane makaɗin fada ba, akwai na attajirai da direbobi da 'yan siyasa, akwai na faɗakarwa da hukuma ta nemi a yi, akwai na yabon Annabi, akwai na habaici da na shashanci, har da wadda ya yi wa kumbon Apollo 11. Wanda ya rubuta "jama'a" a jikin dukkansu bai faɗi wani abin kirki game da ko ɗaya ba, wanda kuma ya rarraba su jaka-jaka bisa jigo ya watsa Shata a wurare goma, ranar da ya so sauraronsa shi kaɗai sai ya yi ta lalube. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotso na fada, wanda waƙoƙinsa na Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello suke da ƙafa ɗaya a sarauta ɗaya a siyasa, kuma duk wanda ya ce zai raba su gida biyu zai daɗe yana gardama da kansa. Ɗan Maraya Jos kuwa, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya waƙe ɗan kwadago da karen mota da zaman aure, har ya zama rukunin da ya fi dacewa da shi sunansa ne kawai.

Mafitar da yawancin mutane ke bi ita ce su raba taskar gida biyu, gargajiya da zamani, kuma wannan rabon yana da sauƙi har sai an matsa kusa da shi. Kalmar zamani a nan tana nufin duk waƙar da aka yi a situdiyo da fiyano, wato na'urar nan mai maɓallai da ke kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri, kuma a ƙarƙashinta ne ake cusa waƙoƙin fim da ake kira nanaye, da na amare, da na siyasa irin na Dauda Kahutu Rarara, da na gambarar zamani. Amma Naziru Sarkin Waƙa yana yabon sarakuna da salon da kunnen Bahaushe ya saba ji daga fada, ko da yake kayan aikinsa na situdiyo ne, Aminu Ala kuma yana rubuta baitocinsa da ma'auni da amsa-amo irin na rubutacciyar waƙa kafin ya rera su da kiɗa, don haka yana tsaye ne a kan iyakar da manazarta suka shata tsakanin waƙar baka da rubutacciya. Bege ma ba rukuni ɗaya ba ne, domin akwai wanda ake yi da murya zalla, akwai na mandiri da aka san 'yan Ƙadiriyya da shi, akwai na fiyano, akwai ma wanda aka ɗora a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, kuma masu sauraro da dama ba za su yarda a haɗa waɗannan a jaka ɗaya ba, saboda a wurinsu bambancin ya shafi aƙida.

Wannan wahala ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma tarihin sunayen kiɗa a ƙasashen Turawa yana nuna cewa kasuwa ce ta raɗa da yawa daga cikinsu. Mujallar Billboard ta Amurka ta kasance tana jera faya-fayan baƙar fata a ƙarƙashin sunan da ke nuni ga launin fatarsu, sai a 1949 ta sauya shi zuwa abin da yau ake taƙaitawa da R&B. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka yi taro a Landan suka amince da laƙabin "kiɗan duniya", don masu shaguna su samu kantar da za su jera duk abin da ya fito daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, laƙabin da masu ba da kyautar Grammy suka yi wa kwaskwarima a 2020 bayan an daɗe ana sukarsa. A 2019 Billboard ta cire wata waƙar Lil Nas X daga jerin kiɗan karkarar Amurka bisa hujjar cewa ba ta cika siffofinsa ba, aka yi ta cece-kuce a kan ko sauti aka duba ko mai waƙar. A Najeriya ma harafi ɗaya ne ya raba Afrobeat na Fela Kuti da Afrobeats na su Wizkid da Davido, abubuwa biyu da tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta haruffan nesa ba kusa ba.

Abin da hankali zai ɗauka daga wannan shi ne a gina taska a kan bayanan da ba sa sauyawa, a bar nau'i ya zama ƙarin haske da za a iya gogewa a sake. Bayani na farko shi ne sunan mawaƙi, kuma ko shi yana bukatar a tsai da magana ɗaya, domin mutum guda yana iya bayyana a matsayin Shata, da Mamman Shata, da Alhaji Mamman Shata Katsina, da Dakta Mamman Shata, na'ura kuma ta ɗauke su mutum huɗu ta jera su a ƙarƙashin haruffa huɗu. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce a cire laƙabin girmamawa daga gurbin suna, a zaɓi rubutu ɗaya a dawwama a kansa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna da tasu rigimar, tunda tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan akwatunan sauti sukan mayar da su alamar tambaya ko wani ɗan akwati, wasu manhajojin kuma su jefa Ɗanƙwairo can ƙarshen jeri bayan harafin z, shi ya sa ya fi dacewa a rubuta sunan fayil da haruffa marasa lanƙwasa, a ajiye daidaitacciyar Hausa a cikin bayanin da ke jikin waƙar.

Sunan waƙa ya fi wannan sarƙaƙiya, saboda makaɗan baka ba su saba raɗa wa waƙoƙinsu suna ba, jama'a ne ke kiransu da sunan wanda aka yi wa ko da farkon amshinsu, kuma basarake ɗaya yana iya samun waƙoƙi biyar daga makaɗi ɗaya. Ko Bakandamiya, wato waƙar da makaɗi ke wasa kansa a cikinta yana nuna fifikonsa a kan tsara, akwai ta Narambaɗa akwai ta Shata, don haka sunan shi kaɗai ba ya wadatarwa. Hanyar da ta fi amfani ita ce a rubuta sunan wanda aka waƙe tare da sarautarsa da garinsa, a ƙara 'yan kalmomin farko na amshi idan waƙoƙin sun yi yawa, sannan a yi amfani da gurbin sharhi a rubuta abin kiɗa, da inda aka samo sautin, ko daga kaset ne ko daga shirin rediyo ko daga wurin biki, da shekara idan an tabbatar da ita. Shekarar da aka yi zato gara a bar gurbinta fayau, domin kuskuren da aka rubuta a jikin fayil yana yawo daga waya zuwa waya har ya zama kamar gaskiya.

Bukatar nau'i kuwa jerin sauraro ne ke biyan ta, wato tsarin da ke tara sunayen waƙoƙi wuri ɗaya ba tare da ya ɗaga su daga jakarsu ba, ta yadda waƙar Ɗanƙwairo ɗaya za ta iya shiga jerin fada da na siyasa da na kotso a lokaci guda, tana nan zaune a jakar mai ita. Wurin da ake bukatar taka-tsantsan shi ne manhajojin da ke share abin da suka ɗauka maimaici ne, domin makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Wadda aka ɗauka a gidan rediyon Kaduna tana iya zama minti 8, wadda aka ɗauka a wurin naɗin sarauta ta kai minti 25 da ɗiyan waƙa, wato baitoci, da aka ƙara saboda mutanen da suka halarta a ranar, kuma sau da yawa ta biyun, duk da ƙarar iska da hayaniyar 'yan kallo da muryar sanƙira da ke ratsa ta, ita ce kwafin da ya rage a hannun mutum ɗaya.