Ƙullin Kitse a Cikin Baki

Wata rana kana tauna goro sai harshenka ya taɓo wani ƙulli a cikin kumatu. Ba ya ciwo. Ka danna shi da yatsa, ka ji laushi, yana zamewa. Wata da watanni yana nan, yana girma kaɗan-kaɗan.

Mai yiwuwa ƙullin kitse ne, wanda likitoci ke kira lifoma: kitse ne ya taru wuri ɗaya cikin 'yar siririyar jaka. An fi ganinsa a gadon baya, wuya ko kafaɗa. A baki ba kasafai ba, amma in ya fito ya fi son cikin kumatu, sannan harshe, ƙarƙashin harshe da leɓe. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40. Launinsa ruwan ɗorawa ne, ko da yake bakin mai cin goro ba ya barin a gani sosai.

Ba kansa ba ne, ba jifa ba ne, ba a ɗaukarsa a kofi ko cokali. Rage cin mai ba ya narkar da shi. Damuwarsa ita ce in ya girma sai a riƙa cizonsa, tauna ta yi wuya, magana ta canza.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ba mugunya a ciki da za ta fito, kuma kusa da shi akwai jijiyoyin jini da hanyoyin miyau. Mu mutanen Kumasi ba mu da uzurin nisa: Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, yana nan Bantama, kuma yana da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. Ƙaramin ƙulli allurar kashe zafi ta isa a cire shi da jakarsa, yawanci a koma gida ran nan. Da wuya ya dawo. Abin da aka cire akan kai shi ɗakin gwaji, domin ido da yatsa kaɗai ba su isa su tabbatar kitse ne ba.

Kansar baki ma takan fara ba ciwo. In ƙullin yana da tauri, ba ya motsi, yana jini, ko gyambo ya wuce mako 2 bai warke ba, musamman ga mai shan sigari, ko giya, ko mai sa garin taba a leɓe, a je asibiti cikin makon nan.