Labarin Makaɗan Ayalan da Yaron da Ya Rubuta Kiɗansu

Ku sani, ya ku masu karatu, akwai wani abin kiɗa mai tsarkiya da yawa wanda Turawa ke kira haf, Larabawan dā kuwa suna ce masa janku. Ya sha bamban da molo da garaya. Mai molo yana danne tsarkiya ɗaya a wurare dabam-dabam don ya sauya murya, amma a haf kowace tsarkiya da muryarta guda: doguwa ta ba da babbar murya, gajera ta ba da siririya. Siffarsa kusurwa uku ce, watau akwatin da ke ƙara amo, da wuyan da ake ɗaure tsarkiyoyin, da ginshiƙin da ke tokare su biyun kada ƙarfin ja ya karya itacen.

Mutanen tsibirin Ayalan, yamma da Ingila, sun shahara da shi, har suka mai da shi tambarin ƙasarsu. Fatake da suka taɓa riƙe kwabban Yuro na can sun ga surarsa a jiki. Nasu na asali ana fafe akwatinsa daga gungume ɗaya, tsarkiyoyinsa na tagulla wajen 30, kuma da farce ake kaɗa shi. Tagulla kuwa ba ta saurin yin shiru. Saboda haka gwanintar duka tana ga kashe murya: farce ya kaɗa wannan, tsokar yatsa ta koma ta tsai da waccan, in ba haka ba muryoyin su cakuɗe, mai sauraro ya rasa gane kome.

Makaɗan nan a fadar sarakunansu suke ci su sha. Da Ingila ta ƙwace ƙasashen sarakunan a ƙarni na 17, sai suka koma yawo gida gida, sana'ar ta yi ta lalacewa. Ga shi kuma ba a littafi take ba, daga kunne sai kunne.

A watan Yuli na 1792 waɗansu mutanen birnin Belfas suka kira taro don a tara waɗanda suka saura. 'Yan Ayalan 10 suka hallara, 6 daga ciki makafi, da baƙo ɗaya daga ƙasar Wels. Aka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, aka ce ya zauna ya rubuta abin da ya ji da alamomin kiɗa. A cikinsu akwai tsoho Denis Hempson, wanda agana ta makanta tun yana ɗan shekara 3, a sa'an nan ya haura 90. Shi kaɗai ya rage mai kaɗawa da dogayen farata irin na magabata. Ba shi aka ba kyautar farko ba, Charles Fanning aka ba, mai salon da ya fi kusa da na zamani. Amma yaron ya gane inda ilmin yake, ya bi tsohon har gida yana ɗauka daga gare shi kafin ya mutu a 1807.

Sai dai Bunting ya yi wani abin zargi. Littattafan da ya buga, na ƙarshensu a 1840, ya gyara kiɗan cikinsu don ya dace da fiyano, ya ƙara abin da makaɗan ba su kaɗa ba, kamar magatakardan da ke kwafe littafi yana sa nasa a cikin matani. Abin da ya cece shi takardunsa na hannu ne, waɗanda ya rubuta da gaggawa a gaban makaɗan, suna nan ajiye a jami'ar Belfas. Silsilar malami da almajiri ta yanke kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Daga takardun nan ne, tun wajen 1970, waɗansu suka sāke koyon kaɗa tagulla da farce, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa kiɗan haf na Ayalan cikin jerin gādon al'adun duniya.